Shiru Ba Yarda Ba Ce: Gwagwarmayar Matan Sifaniya Kan Dokar Fyaɗe

Ranar 26 ga Afrilu, 2018, wata kotu a lardin Navarra da ke arewacin Sifaniya ta yanke hukuncin da ya fito da dubban mutane kan tituna tun kafin rana ta faɗi. Kotun ta gaskata yarinyar da ta kawo ƙara. Ta yarda cewa maza biyar sun shigar da ita wani lungu a zauren wani bene, sun kewaye ta, sun yi lalata da ita bi da bi, sun ɗauki bidiyo, sannan suka tafi da wayarta. Ta kuma yarda cewa yarinyar ba ta so ba. Duk da haka, sai ta ce abin da aka yi mata bai kai fyaɗe ba a wurin doka, tunda ba a doke ta ba, ba a kuma yi mata barazana a fili ba.

Wannan hukunci ne ya haifar da gwagwarmayar da ta ɗauki fiye da shekara huɗu kafin ta sauya dokar ƙasar. Tambayar da ta tayar ta shafi kowace ƙasa mai kotu da alƙali: idan an zo shari'ar fyaɗe, wa ya kamata a tsare da tambaya? Matar da tsoro ya hana ta motsi, ko namijin da ya ci gaba ba tare da ya ga alamar yarda ba?

Daren bikin San Fermin

Kowace shekara, daga 6 zuwa 14 ga Yuli, birnin Pamplona kan cika maƙil da baƙi saboda bikin San Fermin, wanda ya yi suna a duniya don bijiman da ake saki su bi mutane a guje cikin lunguna. Da tsakar daren 7 ga Yuli, 2016, wata yarinya 'yar shekara 18 da ta zo daga Madrid ta haɗu da wasu samari biyar 'yan birnin Sevilla. Suka ce za su raka ta inda motarta take. A hanya suka ja ta cikin zauren wani gidan bene, zuwa wani ɗan ƙuƙumin wuri mai ƙofa ɗaya. Da suka gama, ɗayansu ya ɗauke wayarta don kada ta nemi taimako. Wasu masu wucewa ne suka same ta zaune kan benci tana kuka, suka kira 'yan sanda. A ranar aka kama mutanen biyar. Ɗaya jami'in jandarma ne, ɗaya kuma soja.

Suna da zaure a WhatsApp da suka raɗa wa suna La Manada, wato garke, inda suka yi alfahari da abin da suka aikata, kuma da wannan suna aka san shari'ar. Bidiyon da suka ɗauka, mai tsawon daƙiƙa 96, shi ya zama gatari mai baki biyu a kotu. Masu gabatar da ƙara suka ce ga yarinya nan a tsakiyar ƙarti biyar, idonta a rufe, ba ta da ta cewa. Lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka ce ai ga shi nan, ba ta yi ihu ba, ba ta ture kowa ba. Har rahoton wani mai binciken sirri aka kawo, wanda aka ɗauka haya ya bi diddigin rayuwarta bayan faruwar abin, don a nuna wai ta ci gaba da harkokinta kamar ba abin da ya same ta. Labarin wannan rahoto ne ya fara fito da mata kan titi a Nuwamban 2017, tun ana cikin shari'a.

Laifi biyu a kundi ɗaya

Tushen matsalar na cikin kundin hukunta laifuka na Sifaniya na 1995, wanda ya raba laifin gida biyu. Idan an yi amfani da ƙarfi ko tsoratarwa, sunansa hari, kuma nan ne fyaɗe yake, da ɗaurin shekara 6 zuwa 12, ko har 15 idan laifin ya tsananta. Idan kuwa babu yarda amma ba a tabbatar da ƙarfi ko tsoratarwa ba, sai a kira shi cin zarafi, hukuncinsa kuma ya fi sauƙi. Saboda haka shari'a kan karkata daga abin da namiji ya yi ta koma kan abin da mace ta kasa yi. Ina tabon duka? Ina yagaggiyar riga? Wa ya ji ihunta?

Masu gabatar da ƙara sun nemi a ɗaure kowannensu shekara 22 da wata 10. Alƙalai biyu daga cikin uku suka ce mutanen sun yi amfani da rinjayen yawansu da ƙarfinsu, amma hakan bai kai tsoratarwa ba, don haka suka yanke masu shekara 9 kan cin zarafi. Alƙali na uku ya ce shi annashuwa ya gani a bidiyon, ya nemi a wanke su daga komai in ban da satar waya.

Kwana biyu bayan hukuncin, fiye da mutum 30,000 suka yi maci a Pamplona kaɗai. A Madrid da Barcelona da Sevilla da Valencia ma haka. Kalmomin da ake ɗagawa a kwalaye gajeru ne: wannan fyaɗe ne, ba cin zarafi ba, 'yar'uwa, ni na gaskata ki. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke kan alƙalan. Har wasu mata masu zaman ibada na cocin Katolika a garin Hondarribia, waɗanda ba sa fita daga gidan ibadarsu, suka rubuta a Facebook cewa su sun zaɓi dogayen tufafi da zaman kulle da kansu, amma suna tare da yarinyar, domin babu irin rayuwar da mace za ta zaɓa da zai halasta a keta mata haddi. Maganarsu ta yi tasiri sosai, don ta fito daga inda masu neman ɗora wa yarinyar laifi suka zaci za su sami goyon baya.

Gwamnatin Mariano Rajoy ta ce za a sake duba dokar, ta miƙa aikin ga kwamitin masana. Sai aka gano cewa mutum 20 da ke sashen laifuka na kwamitin duk maza ne. Sai da aka yi ca a kan gwamnati sannan aka shigar da mata. A watan Yuni kuma aka ba da belin mutanen biyar kan yuro 6,000 kowanne, a Disamba babbar kotun Navarra ta tabbatar da hukuncin farko. Sai ranar 21 ga Yuni, 2019, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce fyaɗe ne, ta mayar da ɗaurin shekara 15. Hujjarta ita ce, maza biyar su rutsa yarinya ɗaya a lungun da babu mafita, wannan kansa tsoratarwa ce, ko da ba wanda ya zare wuƙa.

Da an tsaya nan, da an ce kotu ta gyara kuskuren kotu, doka ba ta da laifi. Amma bayan wata huɗu, a Oktoban 2019, wata kotu a Barcelona ta yanke hukunci kan maza biyar da suka yi lalata da yarinya 'yar shekara 14 a wata masana'anta da aka daina amfani da ita a garin Manresa. Kotun ta ce cin zarafi ne, domin yarinyar ba ta cikin hayyacinta, saboda haka mutanen ba su buƙaci amfani da ƙarfi ba. Ma'ana, mafi raunin waɗanda ake zalunta su ne doka ta fi yi wa rowar kariya. Daga nan ya ƙara fitowa fili cewa rubutun dokar ne ke da gyara.

Abin da tsoro ke yi wa jiki

Masu fafutuka ba da hawaye kaɗai suka zo ba, sun zo da hujjar likitoci. A 2017 masu bincike na Cibiyar Karolinska a Suwidin suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi kan mata 298 da suka je asibitin gaggawa na waɗanda aka yi wa fyaɗe a Stockholm. Kashi 70 cikin 100 sun ce jikinsu ya sandare a lokacin, sun kasa motsi ko magana. Kashi 48 cikin 100 sun ce sandarewar ta kai matuƙa. Wannan ba zaɓi ne da mutum ke yi ba. Haka jiki ke kare kansa idan ya ga babu gudu, babu faɗa.

Duk wanda ya taɓa jin labarin 'yan fashi sun tare mota a hanya ya san wannan. Fasinjoji kan kwanta rub da ciki, su miƙa kuɗi da waya ba tare da ko tari ba, kuma ba alƙalin da zai ce tunda ba su yi kokawa ba, kyauta suka bayar. A shari'ar fyaɗe kaɗai ake mayar da shirun mai tsoro hujja a kansa.

Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta riga ta faɗi haka tun 2003, a ƙarar da wata yarinya ta kai ƙasar Bulgeriya, bayan masu gabatar da ƙara sun rufe bincikenta don ba su ga shaidar ta yi turjiya ba alhali tana da shekara 14. Kotun ta ce ƙasar ta gaza kare ta. Yarjejeniyar Istanbul ta 2011 kan yaƙi da cin zarafin mata, wadda Sifaniya ta amince da ita a 2014, ita ma ta wajabta wa ƙasashe su gina laifin fyaɗe kan rashin yarda. Matan Sifaniya suna neman gwamnatinsu ne ta cika alkawarin da ta riga ta sa wa hannu.

Dokar da aka samu

Gwamnatin haɗaka ta Pedro Sánchez ce ta ɗauki aikin, ƙarƙashin ministar daidaito Irene Montero ta jam'iyyar Podemos. Ranar 25 ga Agusta, 2022, majalisar wakilai ta zartar da ƙudirin da ƙuri'a 205, masu adawa 141, ya fara aiki ranar 7 ga Oktoba. Jama'a suka yi masa laƙabi da taken da aka daɗe ana ɗagawa a zanga-zanga, wato sai an ce e ne ake da e.

Dokar ta haɗe laifukan biyu suka zama ɗaya. Duk wata mu'amala ta jima'i da aka yi ba da yarda ba hari ce. Yarda kuwa tana tabbata ne idan mutum ya nuna ta da son ransa, ta magana ko ta aikin da ya bayyana nufinsa ƙarara, bisa la'akari da yanayin da ake ciki. Shiru, ko rashin motsi, ko gushewar hankali, ba ɗayansu da zai tsaya a madadinta. Dokar ta kuma tsananta hukunci kan wanda ya sa wa wata ƙwaya a abin sha, ta tanadi cibiyoyin agaji masu aiki dare da rana a kowane lardi, ta ba wadda aka zalunta damar samun likita da shawarar lauya ko da ba ta kai ƙara ba tukuna.

Kuskuren da ya ci amanar masu ƙara

Murnar ba ta yi nisa ba. Da aka haɗe laifi mai nauyi da mai sauƙi, dole aka faɗaɗa tazarar hukunci don ta ɗauki duka biyun, sai mafi ƙarancin ɗaurin fyaɗe ya sauko daga shekara 6 zuwa 4. Dokar Sifaniya kuwa ta tanadi cewa idan sabuwar doka ta fi sauƙi ga fursuna, da ita za a yi masa lissafi, ko da an daɗe da yanke masa hukunci. Masu rubuta ƙudirin ba su sa wani sashe da zai toshe wannan ƙofa ba. Cikin 'yan makonni lauyoyi suka fara shigar da takardu. Kafin ƙarshen 2023, hukumar kula da harkokin alƙalai ta ƙasar ta ƙirga fiye da fursunoni 1,200 da aka rage wa ɗauri, da fiye da 120 da aka saki. Ɗaya daga cikin 'yan La Manada ma an rage masa daga shekara 15 zuwa 14.

Babu yadda za a sassauta wannan magana. Matan da suka sha azabar kotu suka ga an ɗaure waɗanda suka zalunce su, sai ga dokar da aka yi domin su ta buɗe wa wasu daga cikinsu ƙofar kurkuku. Montero ta ɗora laifin kan alƙalai, ta ce son kai irin na maza ne ya sa suke fassara dokar haka, amma a Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta goyi bayan rage hukuncin. Tun kafin nan, a Afrilu, Sánchez ya fito ya nemi gafarar waɗanda abin ya shafa, jam'iyyarsa ta haɗa kai da jam'iyyar adawa ta PP suka yi wa dokar kwaskwarima, suka maido da hukunci mai nauyi inda aka yi amfani da ƙarfi ko tsoratarwa. Podemos ta ƙi amincewa, tana cewa an sake dawo da tsohuwar tambayar ta bayan gida. Gyaran bai iya maido da waɗanda aka saki ba. Abin da ya tsira shi ne ma'anar yarda, wadda ba a taɓa ta ba.

An juya wa namiji nauyin hujja ne?

Wannan ne babban tsoron masu adawa da dokar, kuma tsoro ne da ya cancanci amsa. Amsar ita ce, har yanzu mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da laifi, wanda ake tuhuma kuma ba shi da laifi sai an tabbatar. Abin da ya sauya shi ne abin da ake tabbatarwa. Shari'o'i biyu da masu bin ƙwallon ƙafa suka sani sun nuna haka. Luis Rubiales, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, ya sumbaci 'yar wasa Jenni Hermoso a baki a gaban duniya ranar 20 ga Agusta, 2023, bayan Sifaniya ta ci Kofin Duniya na mata a Sydney. Ta ce ba ta yarda ba. Ya rasa muƙaminsa, a Fabrairun 2025 kuma kotu ta same shi da laifi ta ci shi tarar yuro 10,800. Shi kuwa Dani Alves, tsohon ɗan wasan Barcelona, an yanke masa ɗaurin shekara huɗu da rabi kan fyaɗe a 2024, amma a Maris na 2025 babbar kotun Kataloniya ta soke hukuncin, ta ce hujjojin ba su isa ba. Ƙarƙashin doka ɗaya aka kama ɗaya, aka wanke ɗaya.

Sifaniya ba ita kaɗai ce a wannan hanya ba. Jamus ta gyara dokarta a 2016. Suwidin ta yi nata gyaran a 2018, kuma hukumar nazarin laifuka ta ƙasar ta ce waɗanda aka samu da laifin fyaɗe sun ƙaru daga 190 a 2017 zuwa 333 a 2019. Denmak ta biyo baya a farkon 2021. Japan ta sauya ma'anar laifin a 2023, ta kuma ɗaga shekarun da doka ke karɓar yardar mutum daga 13 zuwa 16. Faransa ta daɗe tana jan ƙafa, har sai da shari'ar Gisèle Pelicot ta girgiza ta a 2024. Mijin wannan mata ya shafe shekaru yana ba ta maganin barci yana gayyato maza su yi mata fyaɗe, ita kuma ta nace a yi shari'ar a bainar jama'a don kunyar ta koma kan masu laifi. An sami maza 51 da laifi, a 2025 kuma majalisar Faransa ta shigar da yarda cikin ma'anar fyaɗe.

Inda maganar ta shafe mu

Wani zai ce wannan rigimar Turawa ce, mu tarbiyyarmu da addininmu daban suke. Gaskiya ne rayuwarsu ba irin tamu ba ce. Sai dai bambance wadda aka tilasta da wadda ta yarda ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa babu haddi a kan matar da aka tilasta. Sashe na 282 na dokar Final Kod da ake aiki da ita a arewacin Najeriya ya ambaci rashin yarda a fili, ya kuma ce yardar da aka samu ta hanyar tsoratar da mace da kisa ko rauni ba a bakin komai take ba. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta ƙara faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ta haɗa da maza da yara maza da ake yi wa, kuma akasarin jihohi sun karɓe ta.

A takarda ke nan. A ofishin 'yan sanda da tsakar gida kuwa, tambayoyin da aka yi wa yarinyar Pamplona su ake yi wa 'ya'yanmu. Me ya kai ki ɗakinsa? Me ya sa ba ki yi ihu ba? Don me kika yi shiru har yanzu? Daga nan sai manya su shigo, a ce a rufa asiri, a yi sulhu, a bar wa Allah. Matasan da suka fito da labaransu a ƙarƙashin taken ArewaMeToo a 2019 sun sha zagi kafin a saurare su. A 2020, lokacin kullen korona, Sufeto Janar na 'yan sanda ya ce an kawo rahoton fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu, gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan lamarin, jihar Kaduna kuma ta kafa dokar dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe.

Fushin da ya haifar da irin wannan doka fushi ne na gaskiya. Amma tsananin hukunci ba ya isa ga mutumin da ƙararsa ta mutu a teburin ɗan sanda saboda yarinyar ba ta da tabo a jiki. Abin da Sifaniya ta koya da wahala kashi biyu ne, kuma duka biyun muna buƙatarsu. Na farko, a koya wa ɗan sanda da mai gabatar da ƙara da alƙali cewa sandarewar mai tsoro ba yarda ba ce, su mayar da bincike kan abin da wanda ake tuhuma ya gani ko ya ji har ya ci gaba. Na biyu, duk majalisar da za ta taɓa wannan doka ta zauna da lauyoyi da likitoci da malamai da matan da suka bi ta kotu, ta auna kowane sashe da abin da zai haifar, tun kafin gwamna ya sa hannu.

Yarinyar da aka zalunta a Kano ko Zariya ko Maraɗi tana buƙatar likitan da zai duba ta a ranar ba tare da ya nemi kuɗi ba, da jami'ar da za ta ɗauki bayaninta ba tare da tsangwama ba, da iyayen da ba za su karɓi kuɗin sulhu a bayan idonta ba. Waɗannan su ne aikin da ke gaban 'yan majalisun jihohi da kwamishinonin shari'a da limamai da masu unguwanni, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke jiran wata sabuwar doka kafin a fara shi.